Yaya ake auna gubar da ke cikin hayaƙin sigari, kuma lambar da ake samu ta wace ce?

Ladidi:
Assalamu alaikum malamaina da yayyena na wannan zaure. Akwai tambayar da ta tsaya mini a rai tun da muka fara darasin tantance sinadarai. An sha gaya mana cewa hayaƙin taba sigari yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa cutar sankara. Abin da na kasa ganewa shi ne yadda ake kama hayaƙi, abin da ke watsewa cikin iska nan take, har a ɗora shi a kan ma'auni a ce kara ɗaya ya ba da miligiram 10 na kwalta da miligiram 1 na nikotin. Wane ne yake zuƙar tabar a ɗakin gwaje-gwaje? Idan kuma na'ura ce, wa ya ce yadda take zuƙa haka mutum yake zuƙa? Don Allah masu ilimin abin su warware mini.

Malam Ɗanjuma:
Wa alaikumus salam, 'yata Ladidi. Tambayoyi biyu kika haɗa, kuma ta biyun ta fi nauyi, amma bari in fara da wadda hannuna ya sani, domin na yi shekaru a gaban irin wannan na'ura kafin in ajiye aiki.

Kafin a kunna ko da kara ɗaya, ana ajiye sigarin aƙalla awa 48 a cikin ɗaki ko akwati mai zafin digiri 22 a ma'aunin Selsiyos, da danshin iska kashi 60 cikin ɗari, saboda busasshiyar taba tana ci da sauri, mai laima kuma tana jan jiki, kuma wannan bambanci kaɗai ya isa ya sauya sakamako. Daga nan sai a jera kararen a bakunan na'urar zuƙa, wadda galibi takan ɗauki 20, ko dai a layi ɗaya ko a kan wani zobe mai juyawa. A tsarin da hukumar daidaita ma'auni ta duniya, wato ISO, ta shimfiɗa a ƙa'idarta mai lamba 3308, na'urar tana jan mililita 35 na hayaƙi cikin sakan 2, sau ɗaya a kowane minti, kuma haka za ta ci gaba har wutar ta kai wata alama da aka zana kusa da filta, inda ake tsayar da ita.

Hayaƙin da aka ja yana bi ta cikin wani zagayayyen faifai da aka yi da zaren gilashi, wanda ake kira faifan Kambirij, kuma shi ne tarkon. Yana riƙe kusan dukkan ɗigo da ƙurar da ke cikin hayaƙin, ita kuwa iska zalla ta wuce zuwa wata jaka da ke bayansa. An riga an auna nauyin faifan da gidansa kafin a fara, sai a sake aunawa da zarar an gama, abin da ya ƙaru shi ne jimillar abin da hayaƙin ya bari. Fari fat ake saka shi, a ciro shi ruwan ƙasa mai maiƙo, da warin da ba ya barin riga sai an wanke ta. Sai a jiƙa faifan a cikin wani ruwa mai suna isofurofanol, a girgiza, a ɗebi kaɗan a saka cikin na'urar kuromatogirafi ta iska, wadda ke tura samfurin ta cikin dogon siririn bututu mai zafi, kowane sinadari ya fito a lokacinsa. Ta haka ake sanin yawan nikotin, ta haka kuma ake sanin yawan ruwa. Idan aka cire nauyin ruwan da na nikotin daga jimillar farko, ragowar ita ake kira kwalta. Iskar da ta taru a jaka kuma ana bi da ita ta gaban hasken infirared, domin iskar guba ta kabon monoksaid da ke cikinta tana shanye wani ɓangare na wannan haske gwargwadon yawanta.

Ladidi:
Na gode ƙwarai, Baba. Ke nan kwalta ba wani sinadari guda ba ne da ake nemowa, lissafin ragi ne kawai?

Malama Talatu:
Kin gane daidai, Ladidi, kuma nan ne raunin farko na wannan lamba yake. Kwalta suna ne na tarin dubban sinadarai da aka auna nauyinsu a dunƙule, ba tare da an tambayi mene ne a ciki ba. Karare biyu suna iya ba da miligiram 10 kowannensu, amma ɗaya ya ninka ɗayan wajen yawan wani sinadari mai haddasa sankara, saboda irin ganyen da yadda aka busar da shi ba ɗaya ba ne. Amma ya kamata mu yi wa magabata adalci. A shekarar 1953 Ernst Wynder da Evarts Graham da Adele Croninger sun shafa wannan maiƙo na hayaƙi a fatar bayan ɓeraye, suka nuna cewa yana fitar musu da sankara, daga baya kuma aka nuna cewa yawan abin da aka shafa yana da alaƙa da yawan ƙarin da ya fito. Wanda ya ga wannan sakamako a wancan zamani, dole ya ɗauka cewa rage nauyin kwalta shi ne rage cuta. A kan wannan tunani ne hukumar kula da ciniki ta Amurka ta fara gwajin sigari da na'ura a 1967, daga baya kuma Tarayyar Turai ta kafa iyaka ta miligiram 10 na kwalta, 1 na nikotin, 10 na kabon monoksaid a kowane kara.

Injiniya Bala:
Malam Ɗanjuma, ranka ya daɗe, ina girmama aikinka, amma ni a ganina wannan awo yaudara ce da aka sa wa farar riga. Duk wanda yake da karan sigari a kusa, ya ɗaga takardar da ke naɗe da filta zuwa wajen haske, ko ya duba da gilashin ƙara girma, zai ga layi ɗaya ko biyu na ƙananan huji da aka huda, a yawancin lokuta da hasken leza. Idan na'ura ta ja mililita 35, wani kaso mai yawa na abin da ta ja iskar ɗaki ce da ta shigo ta waɗannan huji, kuma a sigarin da ake kira mara ƙarfi sosai wannan kaso yana iya haura rabi nesa ba kusa ba. Bakin na'ura yana riƙe ƙarshen filta ne kawai, hujin suna waje a buɗe. Mutum kuwa yana da leɓɓa da yatsu, kuma daidai inda yake riƙe karan nan hujin suke. A matsayina na mai ƙera abubuwa, idan na ga an tsara kaya ta yadda zai ci jarrabawa a ɗakin gwaji amma ya yi wani hali dabam a hannun mai amfani da shi, na san sunan da ake kiran wannan. Tambayata ita ce, me ya sa masana sinadarai suka yi shekaru suna sa hannu a kan lambobin da suka san ba su da alaƙa da huhun kowa?

Baba Tanko:
Ni ba masani ba ne, tsohon mashayi ne da Allah ya taimaka ya daina. Abin da Injiniya ya faɗa na gan shi a jikina. Lokacin da tari ya fara damuna, na koma wa mai farin kwali da aka rubuta ƙaramar lamba a gefensa, ina jin na yi dabara. Ban ankara ba sai na ga ina jan hayaƙin da ƙarfi har kumatuna suna lotsawa, ina riƙe shi a ƙirji fiye da da, kuma kwalin da yake kai ni kwana biyu ya koma ƙarewa a kwana ɗaya da rabi. Ba wanda ya gaya mini akwai huji a jikin filta, sai yau nake ji a bakin Injiniya.

Dakta Asabe:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya kuma tabbatar da kai a kan dainawa. Abin da ka bayyana yana da bayani a ilimin likitanci, kuma ba rauninka ba ne kai kaɗai. Jikin wanda ya saba da nikotin yana neman wani gwargwado ne a jini, kuma zai nemo shi ta kowace hanya, ko da mai jikin bai sani ba: zuƙa mai zurfi, zuƙa kusa da kusa, toshe huji, ko ƙara yawan karare. Ganyen da ke cikin kara ɗaya yana ɗauke da nikotin da ya kai miligiram 10 ko fiye, don haka akwai rara mai yawa da mashayi zai iya tatsa fiye da abin da na'ura ta tatsa. A 1983 Neal Benowitz da abokan aikinsa sun auna kotinin, wato abin da hanta ke mayar da nikotin, a jinin mashaya, suka tarar cewa masu shan sigarin da na'ura ta ce yana da ƙarancin nikotin ba su da ƙarancinsa a jini idan aka kwatanta da sauran. Cibiyar binciken sankara ta Amurka ta tattara irin waɗannan hujjoji a wani babban rahoto a 2001, ta nuna cewa raguwar lambobin na'ura ba ta zo da raguwar cuta da za a iya dogaro da ita ba. Rahoton babban likitan gwamnatin Amurka na 2014 ma ya danganta ƙaruwar wani nau'in sankarar huhu, wanda ke tasowa can cikin ƙananan rassan huhu, da sauye-sauyen da aka yi wa ƙirar sigari.

Malam Ɗanjuma:
Injiniya, ban yi musun hujin ba, domin mu ma muna auna yawan iskar da suke shigarwa, kuma muna rubuta shi a takardar sakamako. Inda na saɓa da kai shi ne wurin da ka ɗora laifin. Tun ranar da aka fara wannan gwaji a 1967, hukumar da ta kafa shi ta bayyana cewa manufarsa ita ce a san abin da sigari ke fitarwa idan na'ura ta zuƙe shi bisa ƙayyadadden tsari, kuma ta ce ba a yi shi don sanin abin da wani mutum yake shaƙa ba. Mai awo yana amsa tambayar da aka yi masa ne. Idan aka ce mini in faɗi abin da kara ke bayarwa a zuƙar mililita 35 kowane minti, zan faɗa, kuma wani ɗakin gwaji a wata nahiya zai sami kusan abin da na samu, wannan shi ne amfanin ƙa'ida. Ɓarnar ta faru ne a lokacin da aka ɗauki wannan lamba aka buga a jikin kwali da allon talla, aka bar mutum irin Baba Tanko ya karanta ta a matsayin alkawarin lafiya.

Injiniya Bala:
Malam, wannan amsa ta yi kama da ta maƙerin da ya ce shi wuƙa kawai ya ƙera. Wanda ya ga ana amfani da sakamakonsa wajen ruɗin jama'a shekara da shekaru, shirunsa ma yana da nauyi. Kuma kada mu manta cewa yawancin hanyoyin awon nan an gina su ne tare da masana'antar kanta, ta hannun ƙungiyar binciken taba mai suna CORESTA da aka kafa a 1956, kuma wakilan kamfanoni sun daɗe suna da rinjaye a kwamitin ISO mai kula da taba. A 2006 wata alƙaliyar kotun tarayya a Amurka, Gladys Kessler, ta yanke hukunci cewa manyan kamfanonin taba sun yaudari jama'a game da sigarin da suke kira mara ƙarfi, alhali sun san yadda mashaya ke cike giɓin. Ita kanta hukumar cinikin ta janye amincewarta da tsarin a 2008, Tarayyar Turai kuma ta cire lambobin daga jikin kwali bisa dokarta ta 2014.

Malam Ɗanjuma:
Na karɓi rabin maganarka, kuma rabin da ya fi ɗaci. Amma ka lura da cewa duk hujjojin da ka kawo, da waɗanda Dakta ta kawo, daga ɗakin gwaji suka fito. Wanda ya gano cewa mashaya suna toshe huji, ya gano ne ta duba tabon kwalta a gindin filtar da suka yar, wanda ya gano kotinin bai ragu ba, da na'urar kuromatogirafi ya gano. Kuma gyaran da aka yi ma gyaran awo ne. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar lafiya ta Kanada ta fito da tsari mai tsanani, inda na'ura ke jan mililita 55 cikin sakan 2, kowane sakan 30, bayan an naɗe filta da salatif an toshe hujin gaba ɗaya. A 2018 cibiyar kiwon lafiyar jama'a ta ƙasar Holan ta gwada nau'in sigari 100 da wannan tsari, ta sami kwalta da nikotin da kabon monoksaid sun ninka abin da kamfanoni suka bayyana bisa tsohon tsari aƙalla sau biyu, a wasu kuma kwaltar ta haura ninki 20, kuma waɗanda suka fi tashi su ne waɗanda da can suka fi kowa ƙaramar lamba. A shekarar ce kuma ISO ta fitar da nata tsari mai tsanani mai lamba 20778.

Ladidi:
To Baba Ɗanjuma, me zai hana a watsar da tsohon tsarin kawai, a riƙe na Kanada, tun da shi ya fi kusa da gaskiya?

Malam Ɗanjuma:
Domin shi ma ba mutum ba ne, 'yata. Babu mashayin da ke jan mililita 55 daidai kowane sakan 30 daga farkon kara zuwa ƙarshensa. Wani yana fara da zuƙa babba ya ƙare da ƙanana, wani yana barin rabin karan ya cinye a tsakanin yatsunsa, wani kuma yana wuce na'urar Kanada ma. Amfanin gudanar da tsarin biyu tare shi ne tazarar da ke tsakaninsu, domin ita ke nuna yadda aka ƙera karan ya miƙe idan an matsa masa. Sannan yanayin ƙonewar yana sauyawa da ƙarfin zuƙa. Garwashin kan sigari yana kaiwa kusan digiri 900 a lokacin da ake ja, ya sauka zuwa wajen 600 a tsakanin zuƙa, saboda haka ba kowane sinadari ne yake ƙaruwa da kaso ɗaya ba idan aka sauya tsari.

Malama Talatu:
Wannan ya kawo mu inda na fi so Ladidi ta mai da hankali, domin kwalta da nikotin da kabon monoksaid ƙofar gida ce kawai. Aikin gaske yana cikin bin sinadarai ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane dangi yana da tarkonsa. Dietrich Hoffmann, wanda ya yi aiki shekaru masu yawa tare da Wynder, shi ne aka laƙaba wa sunansa jerin sinadarai 44 da ɗakunan gwaji suka daɗe suna bi, sannan a 2012 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da nata jeri mai sinadarai 93.

Ɗauki dangin aldihaid, wato fomaldihaid da asitaldihaid da akrolin. Faifan Kambirij ba ya riƙe su yadda ya kamata, kuma suna saurin haɗuwa da wasu sinadarai su ɓace, don haka ana bi da hayaƙin ne kai tsaye ta cikin kwalabe masu ruwan wani sinadari da ake taƙaita sunansa da DNPH, wanda ke cafke su nan take ya mayar da su wani abu mai launin rawaya da ba ya gudu, sannan a raba su da kuromatogirafi ta ruwa a karanta da hasken ultrabayolet wanda ido ba ya gani. Benzin da butadayin kuwa masu saurin tashi ne, shi butadayin ma iska ne a zafin ɗaki, saboda haka ana kama su a cikin metanol da aka sanyaya da busasshiyar ƙanƙara zuwa wajen digiri 70 ƙasa da sifiri, kafin a kai su na'urar da ke farfasa ƙwayoyin sinadari tana auna nauyin gutsattsarinsu. Nitrosamin na taba, waɗanda aka fi sani da NNN da NNK, suna maƙale a faifai, sai a wanko su, amma kafin a wanko ana ɗiga musu tagwayensu da aka haɗa da haidurojin mai nauyi. Tagwayen suna yin duk abin da na asali ke yi, sai dai na'ura tana bambanta su ta nauyi, don haka duk abin da ya salwanta a hanya ana gane shi ta abin da ya salwanta daga tagwayen. Ƙarafa irin su kadmiyam da dalma da asanik ana narkar da su a asid a fesa cikin harshen iskar agon mai zafin dubban digiri. Har foloniyam-210 mai fitar da tururin nukiliya an gano shi a hayaƙin tun 1964, ta ƙirga ƙwayoyin alfa da yake fitarwa.

Abin da nake so ki riƙe shi ne girman tazarar ma'auni. Kabon monoksaid ana faɗinsa da miligiram, asitaldihaid da ɗaruruwan maikurogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram), benzin da gommai na maikurogiram, NNK da benzofairin kuwa da nanogiram, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Sinadarin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu ɗari na nauyin kwalta ba yana iya zama cikin waɗanda suka fi hatsari, kuma sikelin da ke auna faifai ba zai taɓa jin nauyinsa ba.

Malam Ɗanjuma:
Malama ta tuna mini da wata wahala da muka sha. Akwai lokacin da fomaldihaid ya riƙa fitowa sama da yadda muka saba har na tsawon makonni, muka zargi ruwan tarko, muka zargi bututu, muka sauya duk abin da za a iya sauyawa. Abin da ya tona asiri shi ne gwajin wofi, wato a bar na'ura ta ja iskar ɗaki ta bakin da ba a kunna sigari a kansa ba. Shi ma ya nuna fomaldihaid. Ashe sababbin kabad ɗin da aka kafa mana na matsattsen garin katako ne, kuma gam ɗin da aka haɗa shi da shi yana fitar da wannan sinadari cikin iska. Tun daga ranar ban ƙara yarda da sakamakon da ba a haɗo shi da na wofi ba. A wajen ƙarafa ma haka ne, domin faifan gilashi da kansa yana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, shi ya sa ake komawa ga faifan kwaz ko a kama ƙurar da wutar lantarki a cikin bututu.

Kariya ta biyu ita ce sigarin ma'auni. Jami'ar Kentaki ta Amurka tana ƙera sigari na musamman don bincike tun ƙarshen shekarun 1960, waɗanda ba a sayar wa mashaya, irin su 3R4F da 1R6F, kuma an san abin da ya kamata kowannensu ya bayar. Ana saka su cikin kowane zagaye, idan lambarsu ta kauce daga inda aka san ta, to a zubar da sakamakon ranar gaba ɗaya, komai yawan aikin da aka yi.

Injiniya Bala:
Na yarda wannan aiki ne mai tsafta. Amma idan an gama ƙirga nanogiram ɗin, me ake yi da shi? Ina tsoron kada a sake maimaita tarihi, a ce wannan kara yana da ƙarancin NNK, mutane su ruga gare shi kamar yadda suka ruga ga mai ƙarancin kwalta.

Dakta Asabe:
Tsoronka yana kan hanya, Injiniya, kuma masu tsara doka sun yi la'akari da shi. Yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2005, ta tanadi gwaji da bayyana abin da ke cikin taba da hayaƙinta ga hukumomi a sashe na 9 da na 10, a sashe na 11 kuma ta hana kalmomin da ke sa mutum ya zaci wani sigari ya fi wani sauƙin illa. A 2008 kwamitin masana na hukumar ya ba da shawarar a sa iyaka ga sinadarai tara: NNN, NNK, asitaldihaid, akrolin, benzin, benzofairin, butadayin, kabon monoksaid da fomaldihaid. Dabarar da ta fi burge ni ita ce sun ce a auna kowanne a kan miligiram ɗaya na nikotin, ba a kan kara ɗaya ba, kuma da tsari mai tsanani. Tun da nikotin mashayi yake bi, abin tambaya shi ne gubar da ke rakiyar kowane miligiram da ya samu, kuma huda filta ba ya gyara wannan lissafi, domin iska tana tsarma nikotin da gubar tare. Sun kuma ce a hana amfani da cika wannan sharaɗi wajen talla.

Duk da haka ni likita ce, kuma na fi amincewa da abin da aka auna a jikin mutum. Nikotin yana raguwa da rabi a jini cikin kusan awa 2, kotinin cikin kusan awa 16, shi ya sa ake neman kotinin a jini ko yawu ko fitsari. NNAL, wanda jiki ke samarwa daga NNK, yana daɗewa a fitsari har makonni bayan an daina sha, kuma ba a samunsa daga wani abu sai taba. Kabon monoksaid kuwa ana auna shi a numfashi da ƙaramar na'urar hannu cikin minti ɗaya.

Malama Talatu:
In ƙara a kan tsoron Injiniya, rage sinadari ɗaya yakan zo da tashin wani. Ganyen taba nau'in bali da ake shanyawa iska ta busar da shi ya fi yawan nitrosamin, ganyen Bajiniya da ake busarwa da zafi kuma yana da sukari mai yawa, wanda ke ba da ƙarin fomaldihaid idan ya ƙone. An taɓa samun nasara ta gaske a wuri ɗaya, lokacin da aka gano cewa busar da ganyen Bajiniya da harshen gas kai tsaye yana ƙara nitrosamin, aka koma ga hanyar da hayaƙin wutar ba ya taɓa ganyen, kuma awo ya tabbatar da raguwar. Sai dai kabon monoksaid da benzin da akrolin 'ya'yan ƙonewa ne, ba wani gyaran ganye da zai kawar da su matuƙar ana kunna wuta.

Baba Tanko:
To hayaƙin da ke tashi daga kan sigarin, wanda iyali suke shaƙa, shi ma ana auna shi? Wannan ne ya fi damuna idan na tuna shekarun baya.

Malam Ɗanjuma:
Ana auna shi, Yaya Tanko. Ana kifa wani bututun gilashi mai faɗin gindi a kan karan da ke ci, a ja hayaƙin sama zuwa faifai da kwalaben tarko, sannan a wanke bangon bututun ma a haɗa. Saboda yana fitowa daga garwashi mai ƙarancin zafi da ƙarancin iska, kuma bai bi ta filta ba, wasu sinadarai irin su amoniya da kabon monoksaid sun fi yawa a cikinsa fiye da wanda mashayi ke ja, ko da yake iskar ɗaki tana tsarma shi kafin ya kai hancin wani. Kotinin da Dakta ta ambata ana samunsa a fitsarin yaran da ke zaune da mashaya.

Ladidi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina tunanin ɗaukar wannan a matsayin aikin bincikena na kammala karatu, amma ɗakin gwajinmu ba shi da na'urar zuƙa. Zan iya amfani da babban sirinji in ja mililita 35 da hannu?

Malam Ɗanjuma:
Za ki iya, amma kada ki rubuta cewa kin bi tsarin ISO, domin zuƙar na'ura tana da siffa, tana tashi a hankali ta kai ƙololuwa ta sauka cikin sakan 2, kuma hannu ba zai maimaita wannan sau ɗari iri ɗaya ba. Idan kuna da na'urar auna ƙarafa ta hasken atam, shawarata ita ce ki auna kadmiyam da dalma a cikin ganyen kafin a ƙona, sannan a toka da gindin filta bayan an ƙona, ki ga nawa ne ya ɓace. Ki yi aikin narkarwa da asid a cikin akwatin zuƙe tururi, ki jiƙa duk kwalabenki a asid mai rauni kwana guda kafin ki fara, kada ki yanka ganyen da almakashin ƙarfe, kuma kowane rukuni na samfuri ya tafi da na wofi aƙalla uku.

Injiniya Bala:
Kuma ki ƙirga hujin da ke jikin kowace filta ki rubuta a teburin sakamakonki, ƙanwata. Idan kin samu, ki turo mana hoton a nan, ina so Baba Tanko ya gan su da idonsa.